Motar Lantarki Ta Girmi Gardamar da Ake Yi a Kanta

Masu ɗaukar motar lantarki sabon yayi sun manta tarihi. A 1899 Camille Jenatzy, ɗan Beljiyam, ya zarce gudun kilomita 100 a awa a Faransa, kuma da motar batir ya yi hakan. Arahar motar fetur ce ta kayar da motar batir daga baya. Man Texas ya ɓalle a 1901, Ford ya fito da Model T a 1908, sannan a 1912 Cadillac ta sa sitata, direban motar fetur ya huta da juya ƙarfe kafin inji ya tashi. Batirin dalma kuwa ga nauyi, ga gajeren zango.

Yau masu suka na cewa ƙera batir na fitar da hayaƙi mai yawa, kuma yawancin kobal da ake sa wa batir daga Kwango ake haƙo shi cikin wahala. Gaskiya ne, kuma haƙƙin mahaƙan nan abin a tsaya a kai ne. Sai dai hayaƙin ƙira sau ɗaya ake fitar da shi, motar fetur kuwa tana ƙona mai har ranar da ta mutu. Inda ruwa ke ba da wuta, kamar Norwe, ribar babba ce. Inda ake ƙona kwal, ta ragu. Duk gwamnatin da ke son motar lantarki, ta fara gyara tashoshin wutarta.