Malaman da ba su karɓi ko sisi ba: tarihin masu koya wa sababbin shiga Linux

A shekarar 1993, duk wanda ya yi niyyar saka Linux a kwamfutarsa sai ya tanadi haƙuri kafin ya tanadi faifai. Slackware, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan wannan manhaja, ta fito a watan Yulin shekarar a kan ƙananan faifai 24, irin masu kusurwa huɗun nan da kowannensu bai wuce ɗaukar megabayit 1.44 ba. Mutum zai zauna yana saka faifai yana cirewa, ɗaya bayan ɗaya. In guda ya zo da lahani a tsakiya, aiki ya dawo sabo. In Allah ya sa an kammala lafiya, abin da zai tarar baƙin allo ne kawai, da wata 'yar alama tana ƙiftawa tana jiran a rubuta mata umarni. Kafin hoto ya bayyana kuwa, sai ya nemo alƙaluman ƙarfin allon kwamfutarsa ya rubuta su da hannu, kuma ana ta gargaɗin cewa kuskure a wannan gaɓa yana iya lalata allon ɗungurungum.

Babu kamfanin da zai kira ya kai kukansa, babu shagon da zai mayar wa kaya. Manhajar kyauta ce, amma hanyar shiga cikinta a toshe take ga wanda ba gwani ba. Waɗanda suka share wannan hanya mutane ne masu aikin sa kai: ɗalibai, malaman makaranta, injiniyoyi da masu sha'awa, waɗanda suka ɗauki lokacin hutunsu suka rubuta littattafan jagora, suka kwafi faifai, suka zauna kusa da baƙo har ya gane. Tarihi ya fi riƙe sunayen waɗanda suka rubuta manhajar. Waɗanda suka koyar da ita ma sun cancanci a san su.

Mafarin lamarin

A watan Satumba na 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya sanar da shirin GNU. Burinsa a samar da uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, da kowa zai iya amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Zuwa farkon shekarun 1990 an haɗa kayan aiki da yawa, saura zuciyar da za ta haɗa su da ƙarfen na'ura. A ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sanar da cewa yana rubuta irin wannan zuciya don sha'awar kansa, wadda ita ce ta zama Linux. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL na shirin GNU, wanda ya ba kowa damar kwafa da gyarawa, da sharaɗin ya bar wa na bayansa irin wannan dama.

Nan da nan aka fara haɗa zuciyar da sauran kayan aiki a ƙunshi guda don sauƙaƙa sakawa. Cibiyar kwamfuta ta Manchester a Ingila ta fitar da nata a farkon 1992. Patrick Volkerding ya fitar da Slackware a 1993, Ian Murdock kuma ya kafa Debian a watan Agustan wannan shekara. Sai dai haɗa kaya daban, sanin yadda za a yi da su daban.

Littattafan farko

A 1992 wasu matasa suka kafa shirin rubuta wa Linux littattafan jagora, wanda aka sani da Linux Documentation Project. Cikinsu akwai Matt Welsh, ɗalibi a Jami'ar Cornell a Amurka, da Michael K. Johnson, da Lars Wirzenius, abokin karatun Torvalds a Helsinki. Suka raba aiki. Welsh ya rubuta littafin sakawa da fara amfani, Linux Installation and Getting Started, wanda ya ɗauki mai karatu tun daga yadda ake raba ma'ajiyar kwamfuta gida-gida har zuwa umarnin farko da zai buga. Wirzenius ya rubuta na masu kula da na'ura, wani Bajamushe mai suna Olaf Kirch ya rubuta na haɗa kwamfutoci da juna. Dukkansu an sake su kyauta, kowa na iya bugawa a takarda ya raba.

Abin da ya fi yaɗuwa ma shi ne gajerun takardun da ake kira HOWTO. Kowace takarda matsala ɗaya take ɗauka: yadda za a sa na'urar buga takarda ta yi aiki, yadda za a samu sauti, yadda za a haɗu da intanet ta layin tarho, yadda Linux da Windows za su zauna a kwamfuta ɗaya ba tare da ɗaya ta haɗiye ɗaya ba. Galibi marubucin mutum ne da matsalar ta taɓa hana shi barci. Da ya samo bakin zaren sai ya zauna ya rubuta matakan dalla-dalla, ya sa sunansa da adireshinsa, domin wanda ya ga kuskure ya sanar da shi. Da haka takardun suka kai ɗaruruwa. Jami'ar North Carolina ta ba su masauki a na'urorinta, wasu masu sa kai kuma a Faransa, Jamus, Italiya, Sifen, Japan da Koriya suka dinga fassara su zuwa harsunansu. A 1995 John Fisk ya ƙaro da mujallar Linux Gazette, inda masu karatu ke aiko da tambaya wasu masu karatun su amsa.

Ranar da ake ɗauko kwamfuta a ka

Rubutu yana da iyaka. Wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi ba zai iya buɗe takardar da ke bayanin dalilin ƙin tashinta ba. Wannan ne ya haifar da ƙungiyoyin masu amfani da Linux a garuruwa da jami'o'i, da kuma taron da suka shahara da shi, wato bikin sakawa.

Yadda abin yake, a samu ranar Asabar, a ari aji ko ɗakin taro, a jera tebura, a ja wayoyin lantarki. Mutane su zo ɗauke da kwamfutocinsu, da akwatin da allon nan mai ƙaton ƙeya, wani a bayan mota, wani rungume a ƙirji. Tambayar farko da ake yi wa kowa ita ce ko ya kwafe muhimman takardunsa ya ajiye a wani wuri, don kada a yi da-na-sani. Daga nan sai wani gwani ya ja kujera ya zauna gefensa. Masu hikima daga cikinsu ba sa karɓe allon rubutu daga hannun mai kaya. Shi zai buga da yatsunsa, su kuma su faɗa masa abin da kowane umarni yake yi, domin gobe in ya koma gida babu kowa a gefensa. In wata na'ura ta yi gardama, sai ka ga mutum uku sun taru a kanta har yamma. Aikin gayya ne sosai: wanda aka taya bara, shi ne bana yake taya wani.

Al'adar ta fi bunƙasa a Latin Amurka. Daga wata shawara da ta taso a Kolombiya aka fara bikin FLISOL a 2005, kuma tun daga lokacin ake yin sa, galibi a watan Afrilu, a rana guda, a garuruwa masu yawa na ƙasashen yankin. Shekara ɗaya kafin nan, a 2004, an fara Ranar 'Yancin Manhaja, wadda yanzu ake yi a watan Satumba a sassan duniya.

Ɗanɗana kafin ka saya

Babban tsoron sabon shiga shi ne ya goge abin da ya sani, ya kuma kasa sarrafa sabon. A shekarar 2000 wani injiniya Bajamushe, Klaus Knopper, ya kawo maganin wannan tsoro da Knoppix. Faifan sidi ne guda da kwamfuta za ta tashi daga kansa, ya gano kayan cikinta da kansa, mutum ya yi ta gwaji, in ya gama ya zare faifan komai ya koma yadda yake. Daga baya Knopper da matarsa Adriane, wadda ke da larurar gani, suka fitar da wani nau'i mai karanta rubutu da murya domin makafi. Wannan dabara ta gwaji kafin sakawa ita ce yau kusan kowane reshe na Linux yake bi, sai dai filashi ya maye gurbin faifai.

A ranar 20 ga Oktoba 2004 Ubuntu ta fito, da kuɗin attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth da kamfaninsa Canonical. Kamfanin ya riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa kowace ƙasa har 2011, abin da ya yi matuƙar amfani a wuraren da intanet ke da tsada da jan ƙafa. A Afirka ta Kudu gidauniyar Shuttleworth ta kafa wasu na'urori a wuraren taruwar jama'a, Freedom Toaster, inda mutum zai zo da faifan da babu komai a kai ya kwafi manhaja ya tafi. Kuɗin na kamfani ne, amma masu sa kai na ƙungiyoyin gari-gari su ne suka raba faifan a makarantu, suka fassara, suka amsa tambayoyi.

Ubuntu ta zo da wani abu kuma da ba manhaja ba. A shekarun baya an san wasu gwanayen da gatsali: baƙo ya yi tambaya, a ce masa ya je ya karanta littafi. Mutane da yawa sun juya daga bakin ƙofa saboda irin wannan amsa. Tun a 2004 al'ummar Ubuntu ta rubuta ƙa'idojin zama da juna, waɗanda Benjamin Mako Hill ya tsara, suka wajabta ladabi da mutunta mai tambaya. Wasu al'ummomi da dama sun yi koyi da su daga baya.

Rubutu bai tsaya ba. Ronnie Tucker ya fara mujallar Full Circle a 2007, ana raba ta kyauta. A 2010 wata tawagar masu sa kai da wani matashi ɗan Niyu Zilan, Benjamin Humphrey, ya tara ta fitar da littafin Getting Started with Ubuntu domin wanda bai taɓa ganin Linux ba. Faransawa biyu, Raphaël Hertzog da Roland Mas, sun nemi gudummawar jama'a suka fassara littafinsu na Debian zuwa Turanci, suka sake shi kyauta a 2012. Kundin ArchWiki, wanda masu amfani da reshen Arch suke rubutawa tare, ya zama madogara har ga waɗanda ba Arch suke amfani da ita ba.

Aikin sa kai yana da rauninsa. Marubuci yakan yi aure, ya samu aiki, ya gaji, takardarsa ta tsufa babu mai sabunta ta. Yawancin takardun HOWTO na shekarun 1990 yau sun zama kayan tarihi, kuma wanda ya bi tsohon umarni a sabuwar na'ura yana iya shiga ruɗani. Abin da ya raya al'adar shi ne lasisin da ya ba na baya damar ɗaukar aikin na gaba ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba sai ya nemi izini ba.

Abin da ya sa batun ya sake tasowa

Duk lokacin da Microsoft ya janye tallafi daga wata tsohuwar Windows, sai sababbin baƙi su yi tururuwa. An gani da XP a watan Afrilun 2014, an gani da Windows 7 a Janairun 2020. Na baya-bayan nan shi ne 14 ga Oktoba 2025, ranar da wa'adin Windows 10 ya cika, in ban da ƙarin lokaci na wucin gadi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika ba. Masu sa kai daga al'ummar masu manhajar KDE da wasu ƙungiyoyi suka ƙaddamar da gangamin End of 10, suka tattara sunayen shaguna, ƙungiyoyi da wuraren gyara na kyauta inda mutum zai kai kwamfutarsa a saka masa Linux. Cikinsu har da wuraren Repair Café, al'adar da Martine Postma ta fara a Amsterdam ta ƙasar Holan a 2009. Manufarsu kada a jefar da na'urar da ke aiki a bola don kawai kamfani ya daina kula da ita.

A nan ne batun ya taɓo mu kai tsaye. Kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka su ne suka cika kasuwanninmu, su ne a hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu, kuma da yawansu suna cikin waɗanda sabuwar Windows ta ƙi. Linux tana iya ƙara musu shekaru. Akwai ma tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, wanda aka tanada tun tuni. An taɓa yin yunƙurin fitar da reshe na Najeriya, Wazobia Linux, da Hausa da Yarabanci da Ibo. Amma mafi yawan littattafan jagora har yau da Turanci da sauran harsunan Turai da Asiya suke.

Waɗanda suka rubuta na farko a 1992 ɗalibai ne, ba su jira gwamnati ko kamfani ba. Ɗalibanmu na sashen kwamfuta a Kano, Zariya, Sakkwato, Maraɗi da Yamai, da masu gyara a kasuwa, suna da ilimin da ake buƙata. Kowa ya ɗauki matsala ɗaya da ya taɓa warwarewa, ya rubuta matakanta da Hausa mai sauƙi ko ya naɗi bayaninta da murya, ya sake ta kyauta da izinin a gyara a ƙara. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma su ware Asabar ɗaya a zango, su ari aji, su gayyaci jama'a su zo da kwamfutocinsu.