Bangon da Turkiyya ta koyi darajarsa a 1999

Yau za mu leƙa Turkiyya.

Ranar 17 ga Agusta, 1999, wajen ƙarfe 3 na dare, girgizar ƙasa ta afka wa yankin Izmit, gabas da Istanbul. Ba ta kai minti ɗaya ba, amma mutum sama da 17,000 suka rasu. Da injiniyoyi suka bi baraguzai, sai suka yi ta cin karo da abu ɗaya: bene mai hawa biyar ko shida, saman yana nan kusan lafiya lau, hawan ƙasa kuwa ya murƙushe kamar gwangwani.

Me ya jawo? Shaguna. A sama akwai bangon bulo tsakanin fila da fila, a ƙasa kuma an bar wajen fayau, sai gilashi, don mai shago yana son a hango kayansa daga titi. To, shi wannan bangon da ake ɗauka raba ɗaki kawai yake yi, ashe yana hana ginin karkacewa idan ƙasa ta motsa. Inda babu shi, duk jijjigar can take taruwa. Bangon da aka tsayar a rabi aka ɗora taga ma matsala ne, domin yakan matse filar, guntun da ya rage a sama ya tsage.

Maganin ba sabo ba ne, masu bincike a jami'ar ODTU ta Ankara sun daɗe suna gwada shi. Za a cire bulon, a huda fila da bim, a dasa rodi a ciki, a zuba kankare, tun daga tushe har hawa na ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Daga 2006, shirin ISMEP, da rancen Bankin Duniya, ya ƙarfafa ɗaruruwan makarantu a Istanbul, kuma irin wannan bangon na cikin manyan dabarun.

Amma ku lura, makaranta ana iya kwashe ɗalibanta a yi aiki. Gidan haya fa? Ina mazauna za su koma, wa zai biya? Nan abin ya cije. Sai ga shi a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida, a biya kuɗi a karɓi takarda. Ni dai har yau na kasa haɗiye wannan. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ƙasa ta sake girgiza a Kahramanmarash, mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya, kuma cikin hotunan baraguzan an sake ganin benaye zaune a kan shagunansu.