Daga murɗa tsirkiya zuwa umarnin kwamfuta

Makaɗan da ke maimaita waƙoƙin wasu a wurin biki sun daɗe da matsala guda: kowace waƙa da nata sauti, kowane mawaƙi da iyakar muryarsa. A da, in murya ta kasa kaiwa, sai mai gita ya tsaya ya murɗa tsirkiyoyi, jama'a na jira, rawa ta huce.

A 1975 kamfanin Eventide na Amurka ya fito da H910, na'urar da ke ɗaga sauti ko ta sauke shi ba tare da an taɓa tsirkiya ba. A 1983 masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da MIDI, harshe guda da na'urori ke ba juna umarni da shi. Saƙo ɗaya kan zaɓi tsari ɗaya cikin 128. A 1989 DigiTech Whammy ta maido aikin ƙarƙashin ƙafar makaɗi. Yau kwamfuta ce ke aika saƙon daidai lokacin da amshi ya zo.

Mu malamai da iyaye, ga abin lura. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, kunnensa ne ma'auninsa. Yaron da ya roƙi a saya masa na'ura, a fara gwada shi: zai iya daidaita tsirkiya shida da kunne? Ran da kwamfuta ta cije a tsakiyar biki, wannan ne zai fisshe shi kunya.