Idan Ma'aikatar Ƙwadago Ta Yanke Hukunci, Ina Ma'aikaci Zai Kai Kuka?

A ranar 4 ga Oktoba, 2022, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU yana cikin wata na takwas, Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya miƙa takardar rajista ga sababbin ƙungiyoyin malaman jami'a biyu, CONUA da NAMDA. ASUU ta ce kishiyoyi aka yi mata don a karya lagonta. Ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, hujjarta kuwa ita ce doka ta hana yi wa sabuwar ƙungiya rajista matuƙar akwai wadda ke wakiltar ma'aikatan. A watan Yulin 2023 shugaban kotun, Mai Shari'a Benedict Kanyip, ya ce rajistar ta halatta, yana dogaro da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan 'yancin kafa ƙungiya.

ASUU ta sha kaye, amma ta nuna ana iya maka minista a kotu. Tun 1976 aka kafa wannan kotu, sai dai an daɗe ana ja da matsayinta, har gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗora ta a sahun manyan kotuna, sashe na 254C ya ba ta hurumin shari'o'in ƙwadago. A 2017, a shari'ar Skye Bank da Iwu, Kotun Ƙoli ta tabbatar ana iya ɗaukaka ƙara daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar isa kotun. A ƙarƙashin Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976, minista ne ke naɗa mai sulhu, shi ne ke tura rikici gaban kwamitin sasanci, hukuncin kwamitin ma ta hannunsa yake biyowa, kuma wa'adin da ake bai wa wanda bai gamsu ba bai wuce kwana bakwai ba. To idan gwamnati ce uwar ɗakin ma'aikatan fa? Ministanta ya zama mai raba faɗa alhali da gidansu ake yi. Haka aka gani a 2022: Ngige da kansa ya kai rikicin kotu, a ranar 21 ga Satumba aka umarci malamai su koma aji.

Leburan da injin ya datse wa yatsu ba shi da lauyoyin ASUU. Idan hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ta ƙi biyansa diyya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi kwana 180 ya nemi hukumar ta sake duba hukuncinta, daga nan sai Kotun Ma'aikata. Ga mai jinya, kuma bakin aiki ya toshe, wata shida kamar ƙiftawar ido ne, balle in hukuncin da baki aka faɗa masa a kan kanta.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta cire minista daga bakin ƙofar kwamitin sasanci, ta bar ɓangarorin su shiga da ƙafarsu.