Amsoshin Takardunku: Me Baƙo Zai Gani a Ƙauyukan Arewacin Kano?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Maraɗi, ya aiko da takarda yana cewa shekara da shekaru yana bin hanyar Ɗambatta zuwa Kano, amma ban da gonaki ba ya ganin komai. Yana tambaya, shin akwai abin kallo ko na shaƙatawa a wannan yanki, kuma mene ne tarihinsa?

To, Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Ai gonakin nan da kake wucewa su ne abin kallo na farko, kuma ba yau baƙi suka fara tsayawa a kansu ba. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada da Bichi ya shiga Kano a farkon watan Fabrairu. Ya ratso sahara, ya ga ƙasashe da yawa, amma ya sa ƙasar Kano cikin mafi albarka da ya taɓa gani. Abin da ya burge shi kuwa shi ne gona na bin gona, gida na kallon gida, ga ɗorawa da kuka da tsamiya an bar su tsaye a tsakiyar shuka.

Yadda aka yi ƙasar ta jure noma kowace shekara ba hutu, shi ne abin da masana suka zo nazari a shekarun 1960. Sirrin dai taki ne. Da rani manomi ya ɗora wa jakinsa itace ko kara ya kai birni, ya komo da mangala cike da shara da toka ya zuba a gona. Ga kashin awaki da tumaki da ake ɗaurewa da damina, ga kuma gawo, itacen da ke zubar da ganye lokacin da sauran ke tohowa, don haka ba ya tare wa gero rana. Wanda ya san wannan, in ya dubi gonar Bichi ko ta Minjibir, aikin kakanni yake gani.

Ta fuskar yaƙi ma yankin ba baya ba ne. A Ɗanyaya, arewa da birni, aka yi karon da ya karya Sarkin Kano Alwali a 1807, lokacin jihadi. Bayan an naɗa Sarki Ibrahim Dabo a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekaru ana gwabzawa a wajejen Ɗambatta, daga ƙarshe masarautar Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Ɗambatta kuwa ta zama ta Dambazawa, gidan Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Kazaure ta koma Jihar Jigawa a 1991, amma in ka je kallon duwatsunta, ci gaban labari ɗaya ne.

Sai madatsun ruwa. Bayan farin farkon shekarun 1970, gwamnatin Kano ta ci gaba da aikin da Gwamna Audu Baƙo ya ɗauko, aka samu Tomas a wajen Ɗambatta, Watari a Bagwai, Gari a Kunchi da Wasai a Minjibir. Don noman rani da ruwan sha aka yi su, amma sun zama wurin shan iska, ga masunta da kwale-kwalensu, ga lambunan tumatir da albasa kore shar a tsakiyar rani. Gargaɗi ɗaya dai, ruwan Wasai daga kogin Jakara yake zuwa, wanda ke kwaso dattin birni. A kalla da ido, kada a bar yara su shiga.

Game da wasanni, Alhaji, sai ka daidaita tafiyarka da lokaci. Manomi ba ya wasa da damina. Sai an yi girbi, amfani ya shiga rumbu, sannan a ji kalangu. A lokacin ne mahauta ke bin gari gari suna dambe, samari su yi kokawa, a yi kalankuwa, Fulani kuma su yi sharo a ranar kasuwa. Da azumi yara su yi tashe, da Sallah hakimai su yi hawa a garuruwansu, kuma a ganina hawan ƙauye ya fi daɗin kallo, don kana iya matsawa har ka ga adon doki sosai.

Gaskiyar magana, wasu daga cikin waɗannan sun ja baya. Dambe ya koma gidan da ake biyan kuɗin ƙofa a birni, kalankuwa ta yi ƙaranci, samari da yawa kuma da an gama girbi sun tafi cin rani. Birni ma yana cin gonaki, a yanka filaye a sare ɗorawar da ta girmi mai gonar. Abin da ya ƙaru shi ne kasuwa. Dawanau, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980 a kan hanyar Katsina, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, kuma kasuwar shanu ta Ɗambatta ta isa a ɓata mata yini guda. In son samu ne, a zo tsakanin Nuwamba da Janairu, a fara gaida mai gari, shi zai haɗa ka da dattijon da ya san inda tsohuwar ganuwa da rijiyoyin marina suke.