Tarihin Murhu a Maraɗi da Kewaye

Yara sukan yi kacici-kacici su ce, uku-uku ta gama gari. Amsar ita ce murhu. A zamanin da, in an kai amarya ɗakinta, ba a tambayar irin murhun da za ta girka. Duwatsu uku ne ko curin laka uku, a ɗora tukunyar ƙasa, a tura itace ta kafa uku. Yau kuwa iyayen amarya sukan zauna su yi shawara, ko murhun itace za a saya mata, ko na gawayi, ko risho, ko tukunyar gas. Wannan shawara tana da tarihi, kuma ƙasar Maraɗi ta ga kowane mataki nasa.

Murhun gargajiya ba ya cin kuɗi, amma yana cin daji. Yawancin zafin wutar yakan tsere ta gefen tukunya, hayaƙi kuma ya cika madafa. Muddin mutane kaɗan ne, daji yana da fāɗi, ba wanda ya damu. Mata sukan samo busasshen kalgo da sabara da marke a bayan gari, maƙera kuma su ƙona ƙirya su sami gawayi. Da gari ya yi ta girma, noman gyaɗa ya bazu, sai aka yi ta sassabe. A shekarar 1935 gwamnatin Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashenta na Afirka ta Yamma, itatuwa masu daraja suka koma hannun hukuma. Manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai zai jawo masa wurin ma'aikatan daji. Saboda haka ya gwammace ya sare shi tun yana tsiro.

Farin shekarun 1973 da 1974 ya tona asirin wannan hali, na 1984 ya ƙara. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya shuka gero sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata suka koma tafiyar sa'o'i neman itace. Da ya gagara, aka shiga ƙona kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona su zama taki. Ƙasa ta ƙara mutuwa. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da gwauruwar Zarefat, wadda annabi Iliya ya tarar tana tsintar 'yan ƙirare a lokacin yunwa domin ta dafa abincinta na ƙarshe. Matan karkarar Maraɗi sun san wannan tsinta da hannuwansu.

An nemi magani ta hanya biyu. Ta farko ita ce a gyara murhun kansa. A shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi a Nijar, wanda maƙeran gida ke ƙerawa. Bangonsa yana rungume tukunya, yana tare iska, wutar ta tsaya inda ake bukatarta. Masu hali a birni suka koma risho mai kananzir, musamman a Nijeriya bayan an buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Amma risho ya ɗaure uwargida ga kasuwa. Da kananzir ya yi wuya a shekarun 1990, gidaje da yawa suka koma murhun garin katako da jama'a suka laƙaba wa suna murhun Abaca. A 2016 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir, risho ya fara ɓacewa daga madafa. A Nijar kuma matatar Zinder da aka buɗe a 2011 ta sa gas ya yawaita a birane.

Hanya ta biyu ta fito daga aikin mishan. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 ƙarƙashin SIM, aka ba shi aikin dashen itatuwa a Maraɗi. Yawancin abin da ya dasa ya mutu, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu. A 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar ƙafafun motarsa saboda yashi, sai ya duba wani ɗan tsiro a gefen hanya. Ashe kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙasa. Irinsa kuwa sun cika gonaki. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kāre su. Da farko aka yi masa dariya, domin a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba itace a cikinta. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga gero ya fi kyau, ga itacen girki a bakin gona. Maƙwabta suka gani suka bi, aka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo a kan gaba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin.

Saura batun hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Goyon da ke bayan uwa yana shaƙar abin da take shaƙa.

Saboda haka iyaye da zumuntar mata, sa'ad da suke haɗa kayan amarya, suna da tambayoyi uku da tarihin nan ya bar musu. Shin makamashin zai samu a garin kullum, ko a shekarar tsada? Hayaƙin zai sami mafita daga madafa? In kuma itace ne, wa zai mayar da wanda aka sare? Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Manoman Maraɗi sun nuna cewa kiyayewar nan tana iya farawa da wuƙa ɗaya da kututture ɗaya.