Bani Isra'ilan Ƙasar Zazzau

Mai shiga motar haya daga Samaru zuwa Sabon Gari ranar Lahadi ya saba ganin allunan coci-coci masu sunan Sihiyona da Isra'ila, har wasu na ɗauka cewa zancen zaɓaɓɓiyar al'umma jirgin ƙasa ne ya kawo shi Zariya tare da 'yan kudu, bayan layin dogo ya iso a 1911. Ni dai ban yarda ba. Tun ba a kafa Sabon Gari ba akwai Hausawa a ƙasar nan masu kiran kansu Bani Isra'ila, kuma ba a bakin Bature suka ji sunan ba, a allo suka karanta shi.

Asalinsu wani malamin Kano ne a ƙarni na 19, Malam Ibrahim. Ya yi ta bin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa har ya fifita shi fiye da yadda malaman gari za su lamunta. Labarin da jikokin almajiransa ke bayarwa shi ne an tsire shi a kasuwa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu duwatsun Ningi, wasu ƙauyukan gabashin Zazzau, suna noma suna jiran wani mai littafi da aka ce musu zai zo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin zaɓen da suka fahimta. Suratul Baƙara ta tuna wa Bani Isra'ila fifikon da aka yi musu, Suratul Ma'ida kuma ta tsawata wa masu alfaharin cewa su ne masoyan Allah. A Attaura, Maimaitawar Shari'a ta nuna ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙaranci, ƙauna ce kawai da cika alkawari. Mutanen da aka kashe wa malami aka kore su daga birni, wane labari ne zai fi wannan kama da nasu? Ba sarauta suka gani a sunan ba, gudun hijira suka gani.

A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, da dama suka karɓi Kiristanci. Aka tara su a Gimi, aka gina coci da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga garin ya yi musu ɓarna ƙwarai. Ragowar ne suka taimaka wajen cika Wusasa, inda mishan ta koma a 1929, shekara uku kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

A makarantar Wusasan nan Ishaya Audu, haifaffen Anchau, ya yi karatu. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, daga 1966 zuwa 1975. Ɗalibai da yawa a yau, Musulmi da Kirista, kan yi mamaki in aka ce musu Bahaushe ne kuma fasto ya zama daga baya, don sun taso da jin cewa coci a Zariya kayan baƙi ne.